Waken da Na Warkar

Litinin, 3 ga Maris

Shekara biyu ke nan ina fama da naman gwarin nan da ke zama a saiwar wake. Yana jawo wa wake ruwa da abinci daga ƙasa, wake na ba shi sukari. Da muka karanta ƙwayoyin halittarsa, sai ga ƙwayar bairos a ciki. Na sha baƙar wahala kafin na raba shi da ita. Digirina kaf a kan magana ɗaya ya tsaya: in aka warkar da naman gwarin, wake zai fi jure fari.

Yau kwana goma da hana tukwanen waken ruwa. Waɗanda na warkar ne suka yi yaushi. Masu cutar kuwa kore shar.

Laraba, 5 ga Maris

Na ce ko takardun jikin tukwane aka musanya. Mai kula da ɗakin shuka ya ce, "Malama, da hannunki kika liƙa su, ina tsaye." Na ji haushinsa, alhali gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sake gwada saiwoyin, in ga wanne ke da bairos. Ba a musanya komai ba. To me na warkar ke nan?

Asabar, 8 ga Maris

Mama ta kira, na yi mata bayani. Ta ce, "Wato maganinki ne ya kwantar da shi? Gara da ba ki zama likita ba." Na yi dariya. Ina ajiye waya hawaye suka zubo.

Talata, 11 ga Maris

Farfesa mai duba aikina ya daɗe yana kallon hotunan tukwanen. Ya ce ko in bar gwajin fari a gefe, in kare digirina nan da wata biyu, ko in bi wannan abu, a ƙara mini shekara. "Ke za ki zaɓa." Kaina ya ɗaure. Na gaji, wallahi na gaji, gida nake so.

Juma'a, 14 ga Maris

Ka'idarmu ce, duk Juma'a a dafa farantan renon naman gwari da ke da bairos a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Haka na yi ta dafa su shekara biyu, ban taɓa ƙirgawa ba. Yau na duba, saura guda ɗaya tak, har an saka shi a kwandon dafawa.

Ban yanke shawarar komai ba. Wata biyu nake so, na gaya wa kowa.

Na dai ciro shi, na raba naman gwarin gida shida a sababbin farantai.