Ai Zare Ne Kawai

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa, matata, wadda yau kwana sittin da uku ke nan tana gidan yayanta ba ta ɗaga wayata.

Ina gaishe ki, ko da gaisuwata ba ta da sauran daraja a wurinki. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara. Uku na yaga: ɗaya ta cika kuka, biyu sun cika faɗa. Wannan ban san abin da ta cika ba, amma ita zan aiko, domin jiya Yaya ya turo saƙo cewa ranar Asabar mota za ta zo kwasar sauran kayanki. Har ya jero su ɗaya bayan ɗaya, kamar ni baƙo ne a ɗakin: keken ɗinki, akwati biyu, jakar zare. Na san idan motar nan ta fita da su, ke ma kin fita ke nan.

Ya farin watana, kin tuna ranar da kika shimfiɗa mini bargon nan? Shuɗi mai duhu, da ganyayyaki ruwan zuma suna hawa gefensa kamar yaɗo a jikin katanga. Kika ja ni da hannu har bakin gado, kika ce, "Akawu, ga naka, ka daina ja mini nawa." Kina dariya, idanunki kuma suna kan fuskata, suna jiran abin da zan ce. Me na ce? Wallahi na manta. Abin da ban manta ba shi ne bayan sati biyu, da manajanmu ya kawo mana ziyara da matarsa, ta shafa shi ta yaba, ni kuma na tashi da rawar jiki na ninke na miƙa mata. Kika bari sai da suka tafi. Da kika tambaye ni dalili, na ce, "Ai zare ne kawai, sai ki saƙa wani."  Kika ce, "To, Akawu, saƙa wani." Washegari kika tafi.

Kin san ba na tsallake rana ban rubuta ta a littafina ba. Na ɗauko na bana na bi shi shafi-shafi, ina neman bargon. Wata huɗu kika yi kina saƙa shi a gabana, a kujerar bakin taga, kuma ko sau ɗaya bai shiga littafin ba. Ranar da kika ba ni shi, ga abin da na rubuta: "An gyara famfon bayi. An ɗauke wuta sau biyu." Wane irin mutum ne wannan? Ina ce ni mai lura ne, ashe famfo kawai nake gani!

Amma ke ma, ya zumar da ta koma maɗaci a bakina, bari in faɗa miki nawa. Auren shekara goma sha uku, a kan magana ɗaya? Ni da na yi sati uku ina zaryar asibiti lokacin da aka yi miki aiki, ni da ban taɓa ɗaga miki murya a gaban mutane ba? Idan akwai wasu maganganun kafin wannan, kuma yanzu na fara zargin akwai su da yawa, me ya hana ki faɗa? Kika rufe bakinki kamar rijiya mai murfi, kika bar ni ina yawo a kai ina ce ƙasa ce. Shirunki ya fi maganata kaifi, kuma kin sani. Na rubuta wannan, na so in soke, na bar shi. Wataƙila ba ni da gaskiya. Yawanci ba ni da ita.

Na je gidan manaja da niyyar roƙon a dawo mini da shi. Tun daga ƙofa na hango shi a bayan motarsa, an ɗora masa jarka, mai ya ɓata ganye uku. Na tsaya kamar an dasa ni. Da ya fito ya ce lafiya, sai na ji bakina yana cewa gaisuwa na kawo. Gaisuwa! Wannan shi ne mijinki.

Daga nan na wuce shagon da kike sayen zare. Na ce wa mai shagon ina son salon bargo na ɗan koyo, wanda ya fi sauƙi, wanda ya fi saurin gamawa. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Ƙanena, laifi ka yi ko?" Na ce a'a. Ta ce, "Duk namijin da ya shigo nan yana neman mai sauri, laifi ya yi. Zauna." Ta buɗe littafin zane-zane. Na farko ƙananan murabba'ai ne da ake saƙawa daban-daban sannan a haɗa; ta ce haɗin ne zai kashe ni. Na biyu mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Ta ce wannan sai mai natsuwa, ni kuwa ba ni da ita. Na juya shafi da kaina, sai ga mai ganyayyaki irin naki. Na ɗora yatsa a kai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wannan? Ka dawo bayan shekara biyar, in muna raye." A ƙarshe ta zaɓa mini miƙaƙƙe: zare mai kauri, launi ɗaya, madaukin saƙa iri ɗaya, ka je ƙarshen layi ka juyo, ka je ka juyo. Ta ce kwana goma ya isa.

Sai da na fito titi abin ya soke ni. Ke kin ba ni wata huɗu, ni kuma ko a tuba ma ƙofar da ta fi araha na nema.

Kwana goma! Yau kwana arba'in da ɗaya. Da kwarashinki nake yi, wanda na zaro daga jakarki, mai ɗan lotsawa a inda babban yatsanki yake zama. Yatsana bai dace da wurin ba. Ina yi lokacin hutun rana a ɗakin ajiyar fayil, tsakanin kabad na shida da na bakwai. Direban ofis ya kama ni, yanzu kullum sai ya leƙo ya ce, "Akawu, wata nawa ne cikin?" Wuyana ya ƙage, idona yana ruwa, zaren ya yi mini kanta a manuniya. Haka kike ji, ya kurciyata, duk shekarun nan, ina gefenki ina karanta jarida?

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na fara da madauki ɗari da ashirin, na ƙirga sau uku. Shekaranjiya na shimfiɗa shi a gado, sai na ga yana tsukewa kamar mazurari. Na sake ƙirgawa: tamanin da takwas. Na kai wa mai shago. Ta ce, "Na bakin layi kake tsallakewa. Shi ɓuya yake, ba ya nuna kansa, sai ka neme shi." Ta nuna mini sau biyu, na ce na gani, alhali ban gani ba. Ta ce babu gyara sai na warware har layi na tara. Yanzu samansa zai rufe mutum biyu, ƙasansa kuwa ƙafar mutum ɗaya kawai. Ban yi niyya ba, amma abin da hannuna ya saƙa ke nan.

Ba zan aiko miki da shi ba, ya hasken ɗakina. Bai kai ba, kuma ba zan ce ya biya ba. Ranar Asabar zan ɗora keke da akwatuna da hannuna, ba zan yi wa Yaya gardama ba. Kwarashin ne kawai ba zan bayar ba. Ki ce masa na sace. Gobe da hutun rana zan warware aikin kwana talatin, in sake tasowa daga layi na tara, kuma na san zan sake tsallake na bakin, domin har yanzu ba na ganin sa. Ke kina gani ko ido a rufe. Ki shigo motar nan ki zo, ko da ba za ki zauna ba, ko da takalminki ba za ki cire ba, ki ɗora mini yatsa a kansa sau ɗaya. In kuwa ba ki zo ba, zan ci gaba da saƙawa ina warwarewa, ba don na iya ba, sai don ke kika ce in saƙa.

Naki, da fushina da kunyata, yau da gobe da ranar da za a rufe littafina,

Akawunki