Danginsa Ba Su Taɓa Ganin Washegari Ba

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, kaina ya kulle.

Maigidana kafinta ne, ko in ce da can. Shekarun baya hannunsa ya fara sakin guduma, fatar idonsa ta riƙa saukowa kamar mai gyangyaɗi. Bayan mun sha yawon asibiti aka ce cutar mitokondiriya ce, wato jikinsa ba ya iya samar wa kansa ƙarfi. Shi da bakin barkwancinsa cewa yake ya zama tsohon batirin waya, a wuni ana caji, kira ɗaya ya mutu.

Ga inda muka cuci kanmu. Duk ranar da danginsa za su zo dubiya, tun ana gobe yake kwanciya yana tara ƙarfi. In yi masa aski, in sa masa riga mai guga, in tokare shi da filo a kujerar falo, in tura keken guragun da yake hawa bayan labule. Ya yi ta zuba hira yana ba su dariya. Su ce jiki ya yi kyau, in ce da sauƙi sosai. Suna fita sai ya zube. Washegari ko cokali ba ya iya ɗagawa, ni ke cicciɓarsa zuwa banɗaki. Ƙanwarsa ta sha cewa za ta zo ta kama min, ina cewa ba komai, har ta gaji ta daina tayi.

Yanzu bayana ya ƙi. Likita ya ce sai an yi min aiki, kuma zan daɗe ban ɗaga ko bokiti ba. Da na faɗa wa yayansa, dariya ya yi, wai mutumin da ya gani garau me zai yi da mai jinya, ni ce nake shagwaɓa shi. Raina ya ɓaci, amma abin da muka nuna musu shi suka gani. Har na ɗage ranar aikin. Maigidan kuma ya roƙe ni kada in tona shi, wai a zaman falon nan kaɗai yake jin har yanzu shi mutum ne. Na yi da-na-sani, Anti. Ina ma ban taɓa jan labulen nan ba.

Matar kafinta

Amsa:

Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa. Mijinki mutuncinsa yake karewa, kada ki raina wannan. Danginsa kuma ba su san gaibu ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar ta zo.

Fara da shi. Ki tambaye shi cikin lumana wa zai ɗaga shi idan bayanki ya kwantar da ke gaba ɗaya. Ki bar shi ya zaɓi wanda ya yarda ya gan shi a halin rauni. Yayansa ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. A can ki tambaya ko akwai jami'in walwala, ko ƙungiyar masu jinya irinki. In za ki nemi taimako, ki faɗi aikin da sunansa: wanka, ciyarwa, kai shi asibiti. Ranar aikinki kuwa, kada ki sake ɗage ta.

Zaman falon nasa ne, ki bar masa kayansa. Amma in ya amince, ki ce wa ƙanwarsa ta dawo washegarin ranar dubiya da safe. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki miƙa mata cokalin kawai.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya ba ku lafiya ku duka biyun.