Sabon Guruf ɗin Dangi

Ya Gana,

Na wuce Kasuwar Litinin, ban so in tashe ki ba. Jiya wata baƙuwar lamba ta shigo guruf ɗin danginmu na WhatsApp, tana tambayar inda ƙaninmu Ajimi yake kwana. Kin dai san waɗanda suke nemansa tun da ya gudo daga Bama. Na rufe wancan, na buɗe sabo. Ni da ke kaɗai ne admin, ba mai shiga sai mun sa shi da hannunmu. Duk wanda ya nemi shiga, ki kira shi ki ji muryarsa tukuna. Ko ya rubuto cewa Baba ne, sai ya yi magana.

Mu'mina