Kifayen da Ba Sa Ƙaura

Unguwar Mansur, ƙasa mai tsarki, daren Laraba, Muharram 1438

Tun ranar da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, Kaka ta koma Kano, ba ni da abokin hira da Hausa sai littattafaina na soyayya.

Ɗazu da la'asar ina ninke kayan 'yata Maryama, talabijin ta nuno manyan kifayen teku masu doro, kamar wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Wai an kusa ƙarar da su da farauta, amma yanzu sun farfaɗo a yawancin tekunan duniya, ban da na wajen Oman. Su ba sa ƙaura kamar 'yan'uwansu, kaɗan suka rage, waƙarsu ma daban ce.

Sai ga hawaye. Maigidana, Abu Maryama, ya yi dariya, ya ce, "Haba Hajiya, kifi kike wa kuka? Halas, ya isa haka, kawo shayi."

Na ce masa 'yarmu ba ta san "ruwa" ba, sai "moya" irin ta mutanen nan.

Ya ce, "To, Hausa ce za ta ba ta iƙama, takardar zaman ƙasar nan?"

Gaskiyarsa ce. Amma daga gobe da Hausa kaɗai zan riƙa yi mata magana.