Na Je Ceto Nasiru

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara? Mu nan unguwarmu ta Whalley Range sai godiya.

Ranar Asabar na je unguwar Sparkbrook wurin ɗana Nasiru. Ya bar uni, wato jami'a, sai cacar katin nan, poker. Na ce ya koya mini, in ga abin da ya cinye mini ɗa. Muka zuba wake maimakon kuɗi. Kati huɗu a hannunka, biyar na kowa a tebur. Ina kuskure yana gyara mini, yana dariya. Rabona da dariyarsa tun bara.

Yaya, har la'asar ta wuce ban sani ba. Tun da na dawo kuma hannuna ke ƙaiƙayin kati.

Ku sa mu a addu'a, mu biyun. A gaishe da Inna, amma kada ta ji wannan zancen.

Ƙaninka,
Bala