Ba Ta Ma Tambaya

Minna,
9 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya damina a Maraɗi? Idan ka je Madarunfa ka gaishe mini da Inna, ka ce a durƙushe nake gaishe ta. Ka gaida ƙanwarka Muniratu da duk wanda ke gidan, manya da yara.

Na iso lafiya. Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Dokar farko da aka karanta mana ita ce babu Hausa, babu Faransanci, a aji ko a ɗakin kwana ko wurin cin abinci, har mako takwas ɗin kwas ɗin su cika. Wanda aka kama sau uku a rage masa maki. Don haka ɓangaren mata na masallaci nake shiga bayan la'asar in rubuta maka, in ɗauki hoto in turo. Allah dai bai hana Hausa a ɗakinsa ba.

Mu ashirin da uku ne, daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo. Da safe rubutun Turanci, da rana lissafi da kwamfuta, da yamma magana. A ƙarshe akwai jarrabawa. Wanda ya ci ya shiga digirinsa, wanda ya faɗi a ba wani gurbinsa. Wanda ya yi fashin kwana uku ma ba zai zauna jarrabawar ba. Fasfo ɗinmu kuma duk suna wurin Malam Ndakotsu na ofishin ɗaliban ƙetare, zai yi mana takardar zama.

Abin dariya, an kawo mu koyon Turanci garin da kowa ke jin Hausa. Jiya na fita bakin ƙofa sayen gasasshiyar masara, na haɗa jimlata tsaf tun daga ɗaki. Matar ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce guda nawa za a ba Hajiya. Da Turancin da masarar na dawo da su ɗaki.

Sai abu ɗaya. Jikina bai san an yi yaye ba. Ranar Laraba muna cikin aji gaban hijabina ya jiƙe, na rungume littafi har aka tashi. Malamarmu ta magana, Madam Purity, ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ita ce mai rubuta sunan masu yin Hausa, amma ta duba hagu da dama ta ce mini da irin Hausarsu ta nan, “Kai ka bar yaro a gida ne?” Na ce an kai ta yaye wurin kakarta. Ta tambayi sunanta, na sunkuyar da kai. Ta ce, “To ba ka san sunan yaronka ba?” Na yi mata bayani cewa a wurinmu mace ba ta faɗin sunan 'yar farinta, ba ta tambayar labarinta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in riƙa ɗaure ƙirjina da zane, kuma in rage shan kunu.

A gaida kowa da kowa.

Taka har kullum,
Saudatu.

Minna,
6 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, in ma ta same ka. Yaya kuka ji da abin da ya faru? Allah ya kawo mana sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yaya Inna da ƙafarta?

Tun da aka yi juyin mulki a gida ajinmu ya zama wani iri. Mu tara ne 'yan Nijar, kowa wayarsa a ƙarƙashin tebur. Da aka ce an rufe iyaka, wani ɗan Damagaram ya tashi tsaye a tsakiyar darasi ya yi ta magana da Faransanci, Madam Purity ba ta ko taɓa bironta ba. Yanzu kuma an yanke muku wuta. Na kira ka sau goma sha ɗaya ranar Alhamis, wayarka a kashe. Na san caji ne, amma sanin bai hana ni sake kira ba.

Karatu yana tafiya. Na zo ta huɗu a gwajin tsakiya, kana iya fara taƙama. Sai dai kaina ya gaji. Tun safe har dare bakina yana tauna harshen da ba nasa ba. Ruwa kuma kullum, ba irin namu da ake roƙo ba, a nan in ya tsuge sai ya ga dama. Daga aji zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa aji, sai masallaci. Da ina ƙirga makonni ina cewa saura kaza in zo hutu kafin a fara digiri. Yanzu ban san me zan ƙirga ba.

Malam, ina da ƙorafi. Amsoshinka guda huɗu na jera su na duba. Ka ba ni labarin babur ɗinka, da tsadar shinkafa, da rikicin maƙwabcinmu da mai gidan haya. Da ka zo kan Madarunfa sai ka ce kowa lafiya. Sau huɗu, kowa lafiya. Kai da kake cika shafi a kan tayar babur.

Akuyar Inna tana ba da nono kuwa? Gidan sauron da na bari an ɗaura shi, ko yana nan cikin leda? Ruwan rijiyar gidan ana tafasa shi? Ba don komai na tambaya ba, damina ce.

Ina yawan tuna ranar da muka je yayen. Ka tuna na miƙa ta ga Inna ina hira da Muniratu, ko kallonta ban yi ba. Muna fita tana kuka, ban waiwaya ba har muka hau babur. Na ji Inna tana gaya wa maƙwabta cewa a zo a ga 'yar boko mai kunya. Wallahi daɗi na ji. Tun da ka aure ni ake cewa malamar makaranta ba za ta san alkunya ba, na ce sai na nuna musu na fi su iyawa. To na nuna.

Ka gaida mutanen gidan duka. Duka nake nufi.

Taka,
Saudatu.

Minna,
15 ga Agusta, 2023.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Jiya Muniratu ta samu caji ta turo mini saƙon murya. Tana ta surutunta na ɗinki da biki, sai a tsakiya ta ce in gode Allah, yarinya ta fara cin tuwo tun da aka sallamo su. Na mayar da saƙon baya sau uku. Na kira ta, ta rikice, ta ce ai ta ɗauka kai, Yayanta Mudi, ka gaya mini. Kwana tara a asibiti. Gudawa da amai, har sai da aka nemi jijiya a kanta aka sa ruwa, don ta hannu ta ɓace. Na lissafa kwanakin. Ranar da nake maka taƙamar na zo ta huɗu, kana zaune a bakin gadonta.

Na tambaye ta don me aka ɓoye mini. Ta ce kai ka so ka faɗa, Inna ce ta hana. Wai a bar Saudatu ta yi karatunta, ba ta ma tambaya.

Ba ta ma tambaya. Malam, akuyar Inna ce ta dame ni? Ni da gidan sauro muna da wata zumunta ne? Inna tana da uzuri, abin da na nuna mata shi ta gani. Amma kai da ka san ni, kai da ka sha kama ni ina sansanar rigarta in babu kowa, me ya hana ka karanta abin da ke bayan takardar? Haushinka nake ji, kuma na fi jin haushin kaina.

Yau da safe ban shiga aji ba, fashina na farko ke nan. Na je wurin Malam Ndakotsu na ce ya ba ni fasfo ɗina. Dattijo ne mai haƙuri. Ya buɗe durowa ya ɗauko ya ajiye a gabana, ya ce nawa ne, ba zai hana ni ba, amma in gaya masa wace ƙofa zan nuna wa shi. Na ɗauka na tafi tasha. Wani direba ya ce zai kai ni Katsina, daga Jibiya kuma akwai masu babur da ke bi ta daji, wasu suna isa, wasu sai dai a ji labari. Na zauna a kan benci har motar ta cika ta tashi ina kallo. Ban ji tsoron dajin don kaina ba. Na tuna ne in na ɓata a hanya, za ta girma ana gaya mata uwarta ko sunanta ba ta taɓa kira ba.

Na dawo. Madam Purity ta gan ni da jaka a bakin ƙofa, ta karɓi jakar ta riƙe mini har ɗaki.

Ka rubuto mini gaskiya. Me take ci, sau nawa, tana tafiya ko ta koma rarrafe.

Saudatu.

Minna,
27 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna da Muniratu. Na ga takardarka mai shafi uku, na gode. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini zafin bakina. Na karanta wurin da ka ce ta rame har awarwaronta yana zamewa, amma tana bin kaji da gudu. Wurin nan na karanta shi ya fi sau ashirin.

An yi jarrabawa. Ta ƙarshe ita ce ta magana: mutum ya tsaya gaban malamai uku da 'yan aji ya yi minti biyar a kan wani abu na garinsu. Mako biyu ina haddace bayani a kan noman rani a bakin tafkin Madarunfa. Na tashi, na gaishe su, na buɗe baki, sai na ji na ce da Turanci ina da 'ya, sunanta Zulaiha.

Ka ga na rubuta. Na rubuta sunanta.

Ban san daga ina sauran ya fito ba. Na gaya musu watanta ashirin da biyu. Na ce tana da wushirya irin taka, ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum, tana tsoron tsintsiya amma ba ta tsoron bijimi. Na ce ta yi kwana tara a asibiti ban sani ba, saboda na iya kunya fiye da kima. Na yi kurakurai, na ji su da kunnena suna fita, ban tsaya gyara ba. Da Hausa da ban iya ba, Malam, da muryar Inna da ta uwata sun tare mini maƙogwaro. Shi wannan harshen babu wanda ya taɓa yi mini faɗa da shi. Mai riƙe agogo ya manta bai buga tebur ba sai da na yi minti tara. 'Yan Nijar duk suka sunkuyar da kai, sun san abin da na yi. Madam Purity kuwa ta yi ta neman wani abu a jakarta da ba ta samu ba.

Na ci. Sakamako ya fito shekaranjiya. Kowa yana ta murna, ni na koma ɗaki na zauna. Cin nan ma'anarsa rajista ranar huɗu ga watan gobe, karatu kuma mako mai bi mata. Hutun da muka shirya zan zo in ɗauke ta babu shi, tunda iyaka tana rufe, kuma babu wanda ya san ranar buɗewa. Da na faɗi ma nan zan zauna. Fasfo yana ƙarƙashin matashina, takardar zama ta fito, an ba ni izinin shekara biyu a garin da nake neman hanyar fita.

Ranar Juma'a na ɗauki muryata na tura wa Muniratu. Ba wani abu ba ne, sunanta na yi ta kira, na ce ni ce, na yi mata 'yar waƙar da nake mata in muna mu biyu. Muniratu ta ce ta ja ta bayan ɗaki ta kunna mata don kada Inna ta ji. Wai ta saurara shiru, ta juya wayar tana duba bayanta. Da aka tambaye ta wace ce, sai ta miƙa wayar ta gudu wurin Inna ta ɓoye fuska a zanenta. Muniratu ta ce Inna take kira Mama yanzu.

Ban yi fushi ba. Wadda ta kwana tara da ita a asibiti ta ci sunan. Amma ban yarda ta manta muryata ba, ita kaɗai ce abin da nake da shi da ke iya tsallake iyakar nan.

Don haka ga roƙona. Zan riƙa turo saƙo kullum bayan la'asar. Duk ranar da kuka samu caji, kafin ka kira kowa, a kunna mata. Kuma kada a sake kai ta bayan ɗaki. A kunna a tsakar gida, a gaban Inna, da ƙarfi. Ka gaya wa Inna ina durƙushe ina ba ta haƙuri, kunyar da ta yabe ni da ita ta ƙare mini a Minna. In maƙwabta sun leƙo sun tambayi wace marar kunya ce ke kiran 'yar fari haka, ka gaya musu.

Ka gaida Inna, ka gaida Muniratu. Ka ɗauki Zulaiha ka gaishe ta, ka ce mata ina tambaya.

Matarka,
Saudatu, uwar Zulaiha.