Jan Biro a Kan Tafkin Cadi

Garwa, 3 ga Maris, 2015

Yaya Kaltumi,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Baba da yara, ga hotuna biyu na ba Hubert direba, irin waɗanda nake nuna wa ɗalibaina a lise, wato sakandare. Na farko duniya ce tana leƙowa ta bayan wata, 'yan sama jannati suka ɗauka. Na biyu duniya ce gaba ɗayanta, ga Afirka a fili.

Akwai na uku: Tafkin Cadi daga sama a 1968, yana cike da ruwa. Na sa an buga shi babba saboda idon Baba. Na kewaye tsibirin da aka haife shi da jan biro, na ja hanyar kwalekwale daga Kuseri, na rubuta "Nan ne". Mijinki Isa zai taho da shi in ya sauke albasarsa.

Ƙanenki,
Dawuda

Kuseri, 12 ga Maris

Malam Dawuda,

Muna amsawa. Kai da jan bironka! Ko katin ɗaurin aurena sai da ka yi masa gyara, hali zanen dutse.

Baba ya daɗe yana juya hoton duniyar, ya ce shi wanda ya ɗauka, a kan me ya tsaya? Sai dai baƙin da ya kewaye ta bai yi masa ba. Ya ce abu ƙarami haka cikin duhu mai yawa haka, ya sa na kife shi a kan akwati.

Isa bai iso ba. Yau kwana huɗu wayarsa a kashe, kuma raina bai kwanta ba. Kada ka kira ni, yanzu ba a irin wannan magana ta waya.

Yayarka,
Kaltumi

Kuseri, 19 ga Maris

Dawuda,

Gaisuwa. Hubert ya samo labari. A wani shinge bayan Mora masu kaki suka zazzage jakar Isa, suka ga hoton da ka ba shi. Ka san mutanen daji sun cika tsibiran nan. Suka ga tafki daga sama, ga da'ira, ga hanya, ga rubutu, suka ce taswirar kai kaya ce. Ya ce na makaranta ne, suka ce to wa ya rubuta? Ya ƙi faɗin sunanka. Hubert ya ce da ya hango shi inda suke tsare da shi, ba ya iya taka ƙafar hagu. Ƙarshen wata za a kwashe shi da sauran waɗanda aka tsare zuwa inda ba a sani ba.

Ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Shi uban 'ya'yana ne, kai kuma ni na goya ka. Tsoro nake ji, Dawuda. Baba kullum sai ya tambayi tsibirinsa.

Kaltumi

Garwa, 22 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki. Da safe zan bi Hubert. Na ɗauki kardante, wato katin shaidata, da littafin da hoton yake ciki, da takardun ɗalibai arba'in da na yi wa maki, don masu kakin su gwada rubutun da idonsu. Duk wanda ya shiga aji ya san jan biron malami. Kwana biyu ya isa in je in dawo.

Ki yafe min. Shekara goma ina koya wa yara kallon ƙasa daga sama, ban taɓa tunanin yadda mai tsaron shinge zai kalle ta ba.

Dawuda

Kuseri, 9 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Isa yana gida, ya fara takawa da sanda. Ya ce kun haɗu a bakin ƙofa, shi yana fita kai kana shiga, kuma masu kakin sun karɓi takardun, daga nan bai ƙara ganinka ba.

Baba ya daina tambayar tsibiri, kai yake tambaya.

Hubert ya ce ɗakinka har yanzu a kulle yake. Zai tura wannan wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa, inda ya tura ta makon jiya.

Allah ya kawo ka.

Kaltumi